Fatakar da Inna Ba Ta Goge Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ciwon ƙafar?

Likita ya sa ranar aikin idon Inna, ƙarshen wata. Na bi shawararka, na jawo gwangwanin marigayi Baba daga ƙarƙashin gado. Tsofaffin kuɗin azurfar Ingila da ya shekara talatin yana tarawa suna nan, sule da sisi da fataka, kowanne a ƙullinsa, duk sun yi baƙi ƙirin. Na kai biyu wurin mai shagon kayan tarihi. Ya sa gilashi a ido ya daɗe yana juyawa, ya ce in sauran haka suke, za su biya aikin har da ragowa. Zai zo gida Laraba.

Ashe tarkacen da muke yi wa Baba dariya a kai ya fi mu amfani.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Mutumin ya zo ya tafi. Ka san Inna da fita kunyar baƙo. Ina wurin aiki, ta zauna da toka da lemun tsami ta goge kuɗin tas, har suna ɗaukar ido. Ya buɗe gwangwanin ya rufe. A bakin ƙofa ya gaya mini baƙin nan shi masu tarawa suke so. Yanzu sai dai a ɗora su a sikeli a biya nauyin azurfa. Ba za su kai rabin aikin ba. Tun a shago ya gargaɗe ni kada a wanke, ni ce ban gaya mata ba.

Fataka ɗaya ta tsira, kuma ya ce ita kaɗai za ta cike giɓin. Inna ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce. Ita Baba yake juyawa in yana sauraron rediyo, baƙin jikinta na hannunsa ne, shi ya sa ba ta goge ba. Na tuna mata da idonta, ta ce ai wannan a tafin hannu take jin ta.

Tana ƙulle a bakin zaninta. Likita na jiran amsa Litinin. Kai ne babba, in za ka iya karɓa daga hannunta, ka zo. Ni na kasa.

Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Auta