Riƙon da Baba Ya Yi Mini

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya, da ciwon bayan nan naki da ba kya son a ambata. Ni dai ga ni nan.

Wasiƙarki ta iso, har da faɗan da ke ciki. Wanda ya kai miki tsegumin cewa ba na saka hannun robar da aka yi mini a madadin na hagu bai yi ƙarya ba. Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, tare da tawul. Mai haɗa shi ya cika ni da yabon aikinsa, wai har launin fatata ya kwaikwayo. Na ce masa in ya burge shi ya yanke nasa ya saka.

Likitar gashin ƙashi kuma kullum sai ta zaunar da ni gaban madubi, in riƙa buɗe hannun dama ina rufewa ina kallon hotonsa, wai ƙwaƙwalwata za ta ɗauka na hagun ne ya dawo. Kin san ni, ba na yarda da abin da ban karanta ba. Na sayi wani tsohon littafin likitanci a bakin titi, ko bango ba shi da shi, na yi mako biyu ina kokawa da shi da ƙamus. Ashe gaskiyarta. Ƙwaƙwalwa tana da taswirar jiki, kuma ba wanda ya gaya mata an yanke hannun. Shi ya sa har yau nake jin sa yana zugi. In ido ya daɗe yana ganin na roba a gurbinsa, sai ta karɓe shi ta saki wancan. Abin da ba na so ke nan. Kada ki tambaye ni dalili.

Ki shafa mini kan jaririya.

Ƙaninki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya reno? Inna tana gaishe ki.

Na ce kada ki tambaya, kin cika shafi biyu da tambaya. To, ji.

Kin san wata takwas muka yi ni da Baba ba ma magana, tun ranar da ya ce littattafaina sun fi dacewa da murhu, ni kuma na ce masa wanda bai iya karanta sunansa ba ina ya san darajar takarda. A gaban abokansa na faɗa. Da kika haihu Inna ta tilasta mana shiga mota ɗaya mu zo ganinki. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa yana kallon gabansa. Da tayar ta fashe motar ta fara juyawa, bai kama kujera ba, Yaya. Wuyan hannuna na hagu ya damƙa.

Wannan damƙar ce nake ji. Yatsu huɗu a sama, babban a ƙasa, da kantar tafinsa. An binne Baba ina asibiti ban san inda kaina yake ba, hannun ma ban san inda suka kai shi ba, amma riƙon yana nan. Likita tana kiransa ciwo, tana so ta raba ni da shi. Ciwo ne, ban musa ba, har gumi yake sa ni. Amma ban taɓa ba shi haƙuri ba, kuma wannan kaɗai ne amsar da ya bar mini.

Maigidanmu a shagon kafinta ya aiko, in ban koma ƙarshen wata ba zai ba wani bencina. Inna kuwa kullum tana sauke hannun robar ta goge masa ƙura ta mayar. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Naki,
Ƙaninki

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da shirun wata uku.

Na koma aiki. Na ce zan saka hannun robar a shago kawai, kamar yadda ake ɗaukar zarto a ajiye, ba zan bari ya zama nawa ba. Yana danne katako, dama tana sauran.

Ranar Talata ina buga ƙusa a ƙafar tebur, guduma ta kuɓuce ta sauka a babban yatsan robar. Na yi ƙara, na fizge shi na kai baki ina tsotsa, yadda kowane kafinta yake yi. Sai da na ji ɗanɗanon roba na gane. Shago ya kwashe da dariya, maigida har da riƙe ciki, wai a kawo mini ruwan sanyi kada ya kumbura. Ni ma na yi dariyar.

Da na fita cin abinci na cire shi, na rufe ido, na nemi riƙon. Babu. Na matsa dungun, na buga shi a bango, na jira. Kwana biyar ke nan. Likita ta yi murna har ta rubuta a takardata. Ban zage ta ba, ki yaba mini.

Littafin ya gaya mini haka za a yi, na ɗauka na fi ƙwaƙwalwata wayo. Ko sallama ba ta bari mun yi ba.

Ke Baba ya fi riƙewa muna yara, in za a tsallaka titi, ni kullum fizgewa nake. Don Allah ki rubuto mini yadda hannunsa yake. Kada ki taƙaita.

Ƙaninki