Ciyawa Ta Rufe Lambun Mijina

Tanti Nana Khadija, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle, kuma babu wadda zan gaya wa a unguwa maganar ba ta zaga gidajen suna ba. Na sauya sunaye, amma sauran duk yadda ya faru ne.

Ni 'yar Zongon Wagadugu ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. Mijina, Malam Aminullahi, jikan fataken goro ne, sai dai Allah bai haɗa jininsa da kasuwa ba. Shagon atamfar da suka gada ya bar wa ƙannensa, ya kama lambu a bakin baraji, wato madatsar ruwan garin nan, kusa da na wani abokinsa Bamoshe mai suna Boukari. Dangi sun yi masa dariya har suka gaji. Da salati da shu, wato kabeji, da albasa ya rufa mana asiri, da su ya sa yaranmu biyu lakol, makarantar boko ke nan.

Bara war haka, da damina ta ɗauke, ya tafi share ciyawa don ya ja sababbin komaye kafin shukar sanyi. Ni na dama masa furar da ya tafi da ita. Silifa ne a ƙafarsa, kamar kullum. Kububuwa ta sare shi a idon sawu. Mutanen lambu suka ɗaure ƙafar, suka fara kai shi wurin mai maganin gargajiya, sai da jini ya soma fita ta dasashinsa aka ɗora shi a moto, wato babur, zuwa asibiti. Da na isa ya gane ni, amma bakinsa ya riga ya mutu. Bai tashi ba.

Tun daga ranar ban sake cin ganye ɗanye ba. Ko igiya na gani a tsakar gida sai na kauce mata. Filin kuwa babu wanda ya taka shi. Daminar bana ta yi ƙarfi, an ce ciyawar ta kai ƙirji, ko rijiyar da ya haƙa ba a gani.

Kwanan baya Boukari ya zo, ya zauna a zaure kansa a sunkuye. Ya ce ƙungiyar masu lambu ba ta barin fili a bakin ruwa ya kwana shekara biyu babu aiki, masu jira suna da yawa. Ko dai gidanmu ya share kafin dashe, ko a ba wani. Ya ce ya tare su iyakar ƙarfinsa, yanzu ba shi da sauran abin faɗa musu. Ɗana Abdulbaƙi, wanda ke shago wurin baffanninsa, nan take ya ce a ba duk mai so, shi ba ya son ko jin sunan wurin da ya ci ubansa. Ni ma haka zuciyata ta ce. Ƙanwarsa Munira tana bayan labule tana saurare.

Munira ta gama lise, wato babbar sakandare, aiki bai samu ba. Ita ce tun tana ƙarama take bin babanta lambu ranar da babu lakol, tana jan bokitin da ya fi ta nauyi. Bayan zuwan Boukari sai ta fara fita da sassafe, wai za ta taya gwaggonta aiki a unguwar Bilbalogho. Ban kawo komai a raina ba. Rannan tana wanke shinkafa na ga tana cije leɓe, na kama hannunta na juya, tafin duk ya yi bororo ya fashe. Na duba gefen zaninta, ga ƙarangiya.

Wannan karon ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce ita da matar Boukari suke share filin, da laujen babanta da fartanyarsa, har sun ci gefe guda, ta ja komaye kaɗan. Tana magana tana kuka, rabi Hausa rabi Faransanci irin na yaran yanzu. Ta ce a gidan nan kowa ya daina ambaton sunansa don kada na yi kuka, can ne kawai take jin kamar bai yi nisa ba. Ta ce ta yafa irin salati a tsohon baho a bayan madafa, tana jiran ya isa dashe.

Tanti, wallahi ban ji rabin abin da take faɗa ba. Kumburarriyar ƙafar babanta kawai nake gani. Na ce mata in ta sake taka filin nan ban yafe mata ba.

Ba ta sake zuwa ba, yarinya ce mai biyayya. Amma gara a ce ta yi mini rashin kunya. Tana girki, tana salla, ta koma ɗaki ta juya wa bango fuska. Ta rame. Irin da ke bahon ta daina ba shi ruwa, ni nake zuba masa in ta shiga wanka, ban ma san dalilina ba. Maƙwabtan lambu sun fara dashe, lokaci yana ƙurewa. Abdulbaƙi ya ce in na bar ta ta koma, na zaɓi salati a kan ran 'yata. In na janye maganata wani abu ya same ta, ina zan sa kaina? In na riƙe kuma, ina kallonta tana bushewa a gabana. Ni da Allah ya bar wa biyu kacal, wanne zan yi?

Uwa mai fargaba, Zongo, Wagadugu

*

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa.

Tsoronki ba hauka ba ne. Kin ga abin da kika gani, kuma ciyawar bayan damina tana ɓoye maciji, wannan gaskiya ce. Abdulbaƙi ma ba mugunta yake yi ba, maraya ne da ke jin nauyin gida ya faɗo masa. Amma Munira ita ma makoki take yi. Ke da shiru kike naki, ita da lauje. Kada ki ɗauki nata a matsayin taurin kai.

Abu na farko, tun kafin a zo batun fili, janye kalmar nan yau. Bakin uwa ba sanda ba ne da za a jingina a kusurwa don tsoratarwa. Tsoro ne ya faɗe ta, ba ke ba. Kira ta, ki ce kin yafe, ki faɗa mata abin da idonki ya gani a asibiti, don mai yiwuwa ba ta taɓa ji daga bakinki ba. Ku yi kukan tare.

Sannan ki duba abin da ya faru da idon basira. Ajali na Allah ne, amma silifa da jinkirin zuwa asibiti abubuwa ne da ake iya gyarawa. Ki sa mata sharaɗi. Doguwar ciyawar da ta rage ba aikinta ba ce, Boukari ya samo maza da adduna su sare ta da rana tsaka, a kwashe tarin nesa da komaye. Ita kuma babu shiga sai da dogon takalmin roba da safar hannu, babu zuwa ita kaɗai, babu cusa hannu inda ido bai gani ba. Kowa a wurin ya sani, in tsautsayi ya gifta, babu ɗauri babu tsaga, asibiti kai tsaye. Ku tambayi asibitin da ke ajiye allurar saran maciji tun yanzu.

Abdulbaƙi kuma ki ba shi aiki maimakon gardama. Shi zai sayo takalmin, shi zai tsaya kan masu saran ciyawar. Wanda aka sa a cikin tsaro ya fi wanda aka bari da fushi.

Ki roƙi ƙungiyar ta ba ku wannan kakar a matsayin gwaji. In sanyi ya wuce kuka ga ba za ku iya ba, sai ku miƙa filin da hannunku, cikin mutunci, ba don ciyawa ta kore ku ba.

Ba zan ce miki tsoron zai tafi ba. Duk safiyar da ta fita gabanki zai faɗi, wataƙila har shekaru. Amma 'yar da kika tsare a ɗaki ba ki tsirar da ita ba, wani ciwon kika sauya mata. Ki yi mata addu'a a bakin ƙofa, ki sake ta. Allah ya tsare miki su duka biyun, ya sanyaya zuciyarki.

Nana Khadija