Askin da Imoru Bai Zo Ba

Sabonjida, Tamale
Oktoba, 1957

Zuwa ga ƙanena Imoru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da matarka Rakiyatu, a can Landan. Yaya sanyi, yaya baƙunta? Mu nan sai godiyar Allah, sai kuma haƙurin rashin Baba.

Amsar wayar da muka buga maka ta iso, na karanta wa Mma. Ka ce ka yi kuka a masauki har Rakiyatu ta tsorata. Na yarda, don tun kana yaro kuka ba ya yi maka wuya. Baba bai sha wahala ba, zazzaɓi ne ya kwantar da shi ya tafi da shi. Saaka ƙanenmu ne ya shiga kabari ya karɓe shi. An yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mutane sun zo sosai, har abokan cinikinsa na goro daga Kumasi.

Abin da ya rage shi ne wanda ba mai iya yi sai kai. Mu Dagomba ne, ko da yake da Hausa muke ciniki, da ita kuma hannuna ya iya rubutu. A gidanmu ba a cewa an gama da mamaci sai an yi babban makoki da rani, bayan amfanin gona ya shigo gida. Ranar za a aske kan babban ɗa namiji, a sa masa batakarin uban, wato rigarsa ta saƙi, da hularsa, a zaunar da shi a kan buzu a zaure, dangi su zo su durƙusa su gaishe shi, ya zama maigida. Ni na girme ka, amma mace ce ni, nawa kan a gefenka kawai za a aske. Kafin ranar nan Mma ba ta da ikon barin gidan. Ba kasuwa, ba biki, ba ado, daga ita sai farin zane da tabarma. Sai an aske ka za a sallame ta ta koma gidan ubanta a Gbalahi, inda wanta ya riga ya ware mata ɗaki.

Ka ce wata shida gwamnati ta ba ka, ka ga yadda manoman ƙasashen waje ke haɗa kai, ka zo ka koya wa namu. Madalla. Ranar da kuka hau lori a tasha, da sabuwar tutar nan mai baƙin tauraro a goshin motar, ni na fi kowa guɗa har muryata ta dushe. Wata shidan zai cika daidai da girbi. Baba Abukari, ƙanen Baba, ya ce da zarar ka aiko da ranar dawowarka zai raba wa dangi goron gayya.

Hoton da kuka aiko ya zaga unguwa har ya yi datti. Mata sun yi ta dariyar Rakiyatu cikin kwat irin na maza, ga tattabaru a kafaɗarta. Mma ta ce a gaya mata ta riƙa rufe kunnuwanta saboda sanyi.

Kowa na gaishe ku. Allah ya dawo mana da ku lafiya.

Yayarka,
Zuwera


Sabonjida, Tamale
Mayu, 1958

Ƙanena Imoru,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Rakiyatu, ina sanar da kai ruwan farko ya sauka a Tamale, kowa ya ɗauki fartanya. Rani ya wuce ke nan, ba a yin makoki da damina, sai baɗi in muna da rai.

Katunanka masu hoto suna zuwa, wannan ba zan yi maka ƙarya ba. Daga Landan ka ce an ƙara maka wata uku a Danmak. Na daɗe kafin in gane Danmak ƙasa ce, na ɗauka sunan wani Bature ne da ya riƙe ka. Ka ce shanunsu a ɗaki mai fitilar lantarki suke kwana, inji ke tatsarsu, kowace saniya da sunanta. Daga nan sai Jamus, inda ka ce ba mai makara, har ka ƙara da cewa da za mu koyi cika alkawari irin nasu da Ghana ta wuce kowa. Wannan layin tsallake shi na yi, ban karanta wa Mma ba, don kunyarka ce ta kama ni. Yanzu kuma Yugoslabiya, wadda har yau harshena bai daina tuntuɓe da sunanta ba.

To bari ni ma in ba ka labarin abin kallo, ba sai ka hau jirgi ba. Akwai wata mata da ta tsufa tana sayar da man kaɗanya a kasuwar Tamale, ba ranar kasuwar da ta taɓa wuce ta. Yanzu tana zaune a ɗaki tana jin takun masu tafiya kasuwa ta bayan katanga, tana gane su ɗaya ɗaya da muryarsu. Wurin zamanta a kasuwa wata 'yar Savelugu ta gaje shi. An yi bikin 'yar wanta a Gbalahi, yarinyar da ita ta yanke wa cibiya, ba ta je ba. Tuwon biki aka kawo mata a kwano, ya riga ya huce.

Limamin masallacin unguwarmu ya aiko ya ce a addini takabarta ta ƙare tuntuni, ta fita abinta, ba zunubi. Mma ta gode masa, ta ce ba zunubi take tsoro ba. Idan ta fita kafin makoki dangin Baba za su ce ta gaji da mijinta tun ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, kuma bakin ba a kanta kaɗai zai tsaya ba, har mu 'ya'yanta zai bi.

Ban ce ka jefar da aikin gwamnati ba. Cewa na yi ka nemi izini tun yanzu, ka zo da rani mai zuwa ko na sati biyu ne. Aski ne fa, Imoru, ba gina gida ba. Gashin zai tsiro kafin jirgi ya mayar da kai.

Mma na gaishe ku, ta ce ku riƙa cin abinci mai zafi. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Zuwera


Sabonjida, Tamale
Maris, 1959

Imoru,

Ina gaishe ka, ina gaida Rakiyatu da jego. Ina fata tana samun ruwan zafi yadda ya kamata a ƙasar mutane. Allah ya raya yaro. Mun ji a Alƙahira aka haife shi, kun sa masa sunan Baba, Issahaku. Ranar da na karanta wa Mma ta yi dariyar da ba ta yi ba tun rasuwar, ta sa aka dama koko aka raba wa yaran unguwa. Ta ce in gani, ɗanta bai manta ba.

Ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne rani na biyu ya wuce. Ka ce jariri ba zai iya hanya ba. To kai fa, kai ma jaririn ne? Ka iya hawa raƙumi ka je kallon dalar Fir'auna, ka iya cika mana shafi da labarin yadda ake ban ruwa a bakin Nilu, hanyar Tamale ce kawai ta yi maka nisa.

Baba Abukari ya tara dangi a zaure. Ya ce dawar da aka ware don makoki ƙwari sun ci rabinta a rumbu, saniyar da aka ɗaure ta tsufa, gida kuma ba mai yanke magana. Ya ce a aske Saaka a madadinka. Wanda aka aske shi ne babba har abada, ba a warwarewa, kuma ba a yin haka sai babban ɗa ya mutu ko ya haukace. Saaka ya sunkuyar da kai ƙasa. Shi ke noma gonar Baba, shi ke gyara jinkar ɗakin Mma, amma bai taɓa kwaɗayin wurinka ba.

Mma ce ta hana. Ta rarrafo har bakin zaure, inda bai kamata a gan ta ba, ta ce tana da rai ba za a binne mata ɗa da ransa ba. Ta ce laifinta ne, ita ta yarda aka kai ka makarantar kwana tun kana ƙarami. Ba ka taɓa zama an yi babban makoki a gabanka ba, kana ɗauka taron kiɗa ne da harbin bindiga, ba ka san nauyinsa ba. Ta ce za ta jira har ka gane. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka tafi.

Na ce ta rarrafo, ba kuskuren alƙalami ba ne. Zaman wuri ɗaya ya cinye mata gwiwoyi. Matar da ke ɗaukar ƙwaryar mai a ka ta ratsa gari, yanzu sai na riƙe ta zuwa bayan gida. Na bar ɗakin mijina na dawo nan ina jinya. Yana haƙuri, amma haƙurin ya fara tsami.

Ina jin haushinka, Imoru, ba zan ɓoye ba. Ni na goya ka, bayana ya san nauyinka, shi ya sa haushin ke yi mini ciwo haka. Ka shafa mini kan yaron.

Yayarka,
Zuwera


Sabonjida, Tamale
Afrilu, 1960

Zuwa ga ƙanena Imoru,

Gaisuwa da fatan kun sauka lafiya, kai da Rakiyatu da ƙaramin Issahaku. Yaya gajiyar teku? Na aika wannan ta ofishinku na Accra don a miƙa maka da zarar jirgi ya ajiye ku a Takoradi, ka karanta kafin ka kamo hanyar arewa.

Takardarka ta ƙarshe ta zo. Ka ce kun taso, a gaya wa Baba Abukari ya fara raba goro, ka sayo farin yadin Indiya da turare don makoki. Ko da ba abin da ya faru, damina za ka tarar. Amma abu ya faru.

Ka tuna doguwar takardar da ka aiko daga Indiya a farkon rani? Ka ce a bakin wani kogi ka ga an kawo gawar wani tsoho. Babban ɗansa ma'aikaci ne a gari mai nisa, ya bar komai ya taho a jirgin ƙasa. Aka aske masa kai tas, ya ɗaura farin zane, shi ya yi wa uban aikin ƙarshe da hannunsa. Ka ce mai yi muku tafinta ya bayyana maka cewa wannan aikin babban ɗa ne, duk gidan shi suke jira. Ka ce ka tsaya kana kallo har hawaye ya zubo maka, abin ya tuna maka namu na gida, kuma mutanen da suka riƙe irin wannan ba za su lalace ba. Ka iya tsara magana, Imoru, wallahi har ni sai da na ga kogin.

Na so in tsallake kamar yadda na saba. Amma Mma ta ga yawan shafukan a hannuna, ta kuma ji na gama da wuri, ta ce in koma in karanta duka. Na karanta. Ta sa na maimaita wurin askin. Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce ashe ka sani. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da la'asar ta aika aka kira mata Baba Abukari. Na ce in rubuta maka, ta ce kada a dame ka, kana da aiki.

An yi makoki a watan Fabrairu. Dangi sun zo daga Yendi da Kumbungu, an yi kiɗa, an harba bindigogi, an yanka tsohuwar saniyar. An aske ni, an aske Saaka a madadinka. Ya yi ta kuka a ƙarƙashin aska yana kiran sunanka har wanzami ya yanke shi a ƙeya. Batakarin Baba ya yi masa yawa a kafaɗa. Da makaɗa suka zo jero 'ya'yan Issahaku, da sunan Saaka suka fara, naka ya biyo baya.

Washegari aka sallami Mma. Hanyar Gbalahi da ta daɗe tana mafarkin takawa, ba ta taka ba. A bayan keke aka ɗora ta, Saaka na turawa, ni ina riƙe da ita. Tana can yanzu a gidan wanta, tana fitowa rana da safe. Ba ta zage ka ba, ba ta yi maka baki ba, kullum tana sa ka a addu'a tare da mu. Sai dai katin da ka aiko daga ƙasar Silon, da na kai mata, ta ce in ajiye, idonta ya gaji da hotuna.

Ku zo, gida gidanku ne. An share muku ɗaki, ina kuma marmarin ganin yaron nan. Farin yadin ka ba Rakiyatu ta yi labule da shi. Abu ɗaya nake so ka sani don kada ka ji kunya a gaban mutane. Idan lori ta sauke ku, kada ka zarce cikin gida kamar da. Ka tsaya a zaure, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaida maigida, ka jira ya ba ka izinin shiga. Saaka ya roƙi dattawa su ɗauke masa wannan, Baba Abukari ya ce ba a ɗaukewa. Ni ma da na goya ku duka biyu na durƙusa masa, gwiwata ba ta karye ba.

Allah ya kawo ku lafiya, ya ba mu haƙurin juna.

Yayarka,
Zuwera