Kabarin da Na Nuna Musu

Zuwa ga Indo,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san babu mai kai miki wannan takarda. Ko da kina raye ma, ni za ki sa in karanta miki, kina tsayar da ni kina cewa in rage Hausar 'yan boko. Amma yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai, ban ga wanda zan faɗa wa ba sai ke.

Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai katangar gabas ta zube da damina, an tayar da rabi. Ƙafata ta hagu ba ta ƙara komawa daidai ba, da sanda nake zuwa masallaci. Matar Sani maƙwabci ce ke aiko mini da abinci. Bara wata Bafulatana ta zo tun daga wajen Falgore tana neman ungozoma, ba ta ji kin rasu ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinki ta yi ta kuka, ni nake ba ta haƙuri.

Maganar Safiya ce ta sa ni rubutu. Jikarmu da kika goya tun ranar da mahaifiyarta Rabi ta rasu ta bar ta, yanzu tana shekara ta biyu a Kano, tana koyon aikin jarida da haɗa fim. Malaminsu ya raba su uku-uku, ya ce kowace ƙungiya ta kawo masa farkon fim kawai, minti biyu, a kansa zai ba su maki. Ita ta ce a kanki za su yi. Ta zo nan Tudun Wada da abokan karatunta biyu: Nura, ɗan Kiru, mai riƙe kyamara, da Bilkisu, 'yar Bebeji, mai haɗa hoto da sauti a kwamfuta.

Da kin gan su, Indo. Sun baje takardu a tabarmar zaure, suna zana 'yan akwatuna, kowane akwati hoto ɗaya, suna gardama a kan wanda zai zo farko. Na yi shekara talatin ina malamin gona ban taɓa ganin an sha wahalar minti biyu haka ba. Karon farko da hannuna suka fara, ina buɗe jakarki ta aiki, ga zaren, ga rezar, ga ƙaramin kwanon nan. Malamin ya ce babu abin da zai riƙe mai kallo. Suka dawo suka ɗauki matan unguwa suna ba da labarinki. Ya ce wannan tsakiyar fim ne. A zuwa na uku Nura ya kawo shawara a fara da kabarinki, shiru, babu magana, sai can a ji kukan jariri, sannan sunanki ya fito. Na ga abin ya shige su duka. Safiya ta juyo tana murmushi, ta ce ai angonta, wato ni, ya san wurin, tunda duk Juma'a yana zuwa.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba na zuwa. Ranar da muka kai ki, da hannuna na kafa wuyan tulu a wajen kanki, kusa da ɗorawar nan. Bayan sadakar arba'in ciwo ya kwantar da ni. Da na tashi, sai na riƙa cewa Juma'a mai zuwa. Tsoro nake ji, ban san na mene ne ba. Duk sanda Safiya ta kira ta tambaya ko na je na gaishe ki, sai in ce na je, don na ji yadda muryarta ke sakewa. Shekara huɗu ina faɗin haka. A zauren nan, gaban baƙi, ta yaya zan warware?

Mai unguwa ya ba da izini, da sharaɗin kada a taka kabari. Kin san mata ba sa shiga, don haka Safiya da Bilkisu suka tsaya a bakin hanya, ni da Nura muka cire takalma muka shiga. Indo, an sare ɗorawar. Ko kututturen ban gani ba. Wurin da na sani fili ya cika da sababbin layuka, tsofaffin kuma ruwa ya kwantar da su, ciyawa ta rufe. Na yi gaba, na dawo, ina jan ƙafa. Yaron ya kafa kyamara a kan ƙafafunta yana jirana cikin ladabi. Na hango ɗankwalin Safiya ta saman katanga. Sai na ɗaga sanda na nuna wani kabari mai ɗan tudu, na ce wannan ne.

Bayan mako biyu suka dawo suka nuna mini. Abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ciyawa na motsi, rana na sauka a kan ƙasar, sai kukan jaririn, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Malamin ya yaba, ya ce su rage shirun kaɗan, su gyara ƙarar iska, su miƙa ranar Litinin ta sama. Amma ni Safiya nake kallo. Ta ce wannan ne karon farko da ta ga inda kike. Ta sa hoton a fuskar wayarta. Ta ce kullum bayan sallar asuba sai ta dube shi ta yi miki addu'a, tana faɗa tana shafa hoton da yatsa.

Washegari na hau acaɓa na je wurin Malam Isiyaku mai haƙa kabari. Na ce wataƙila Allah Ya sa na dace. Ya dubi inda na nuna, ya ce wannan layin na bara ne, kuma wannan ɗin wani baƙo ne da ya rasu a hanyar Doguwa, ba a samu danginsa ba. Na tambaye shi naki. Ya yi nuni da hannu a kan wuri mai faɗin tsakar gidanmu, ya ce a cikin nan ne, Allah Ya san nasa. Ya ce kada in damu, haka na kowa yake komawa, addu'a ba ta ɓata hanya. Na san gaskiya ya faɗa. Amma ba shi ya nuna wa yarinya kabarin wani ya ce na kakarta ne ba.

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, ta ci makinta, ta riƙe hotonta, wa zai sani? In na mutu fa, ta kawo 'ya'yanta ta nuna musu? Ranar Juma'a suka zo ɗaukar muryata, sai na faɗa musu duka, har da ƙaryar zuwa ziyara. Nura ya sunkuyar da kai, ya ce saura kwana uku, babu lokacin sake wani. Bilkisu ta ce ƙasa ƙasa ce, malamin ba zai gane ba, a bar shi haka. Safiya ba ta dube su ba. Ba ta ce mini ango ba, ba ta yi tsiyar da ta saba ba. Ta ce, "Kaka, to gaban wa nake kuka duk kwanakin nan?"

Sun tafi kafin la'asar, ko abincin ba ta taɓa ba.

Nura ne ya kira ni bayan sun miƙa, yaron kirki. Ya ce Safiya ta ƙi yarda a bar kabarin. Sun cire shi, fim ɗin ya fara da duhu, sai kukan jariri, sai sunanki. Malamin ya ce mai kabarin ya fi, ya rage musu maki, su ukun. Yara biyu da ba su ci ba, ba su sha ba, na jawo musu. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma na ji komai ɗin a muryarsa.

Yau kwana goma sha ɗaya ba ta kira ba. Na kira sau biyu, ba ta ɗauka ba. Wayar na nan kusa da ni a kan tabarma, ina ta duba ko cajin ya ƙare. Na yi daidai da na faɗa, Indo? Ko na sauke nauyina ne kawai na ɗora mata? Ke kika san yadda ake shawo kanta in ta yi fushi. Sai ku shige ɗaki ku rufe ƙofa, can in ji kuna dariya. Ni ina zaure da rediyona, ban taɓa tambayar me kike ce mata ba. Yanzu ga shi ina buƙata.

Ki yafe mini rashin zuwa. Ita ba zan nemi ta yi sauri ba, zan jira, in da sauran kwana. Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan baƙon nan, Ya sa mu tarar da ku cikin rahama.

Ni ne mijinki,
Haruna malamin gona