An Ɗauke Bencin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan da sauƙi, in ana kiran wannan sauƙi.

Har yau babu labarin Auta tun da aka kwashe su daga layin masu gyaran waya. Amma ki taya mu murna, an samu ci gaba. Ofishin da muke zuwa cigiyar waɗanda aka tsare ya rufe tagarsa. An liƙa lamba a ƙofa: ka kira, na'ura ta amsa, ka tambaye ta abin da kake so. Sun sa mata suna Mataimaki. Bencin da muke zama ma an ɗauke shi, sai sawun ƙafafunsa a siminti.

Ladabi kam, ba a magana. Yana gaida Inna, ya ce ya fahimci damuwarta, ya karanto mata haƙƙoƙin wanda aka tsare ɗaya bayan ɗaya. Inda Auta yake ne kawai bai sani ba. Na juya tambayar ta kowace fuska, da duk bokon da kike min gori a kai. Amsar ba ta canzawa: ba a shigar da bayaninsa ba tukuna.

Inna kuwa ta yi sabon ɗa. Wai tunda take, hukuma ba ta taɓa ce mata sannu ba sai yanzu. Da na ce ba mutum ba ne, cewa ta yi, "To mai tagar nan da ke korarmu, shi mutum ne?"

Kin tuna matar nan mai jan mayafi da ke zama kusa da mu a bencin? Ranar ƙarshe ta ce mijin ƙanwarta direba ne, ya san inda ake kai su, za ta tambayo mana. Ban karɓi lambarta ba. Don me, tunda gobe ma za mu haɗu? Ko sunanta ban sani ba.

Jiya Inna ta ba Mataimaki saƙo, ya faɗa wa Auta ya riƙa rufe ƙirjinsa saboda tarin nan nasa. Ya ce an karɓi saƙonta, ya yi godiya. Rabon da ta ci abinci kamar jiya, na manta. Ban ce mata saƙon ba zai isa ba. Kada ke ma ki ce.

Ki shafa min kan yaran.

Ƙanwarki,
'Yar Boko