Ku Buɗe Ɗakin Sanyin Dabino

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke sayen dabinon gonar da muke aiki a garin Samnu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ladabi. Ni yarinya ce daga garin Tanut, mun ƙetaro hamada zuwa wannan ƙasa neman aiki, ina tsince dabino tare da ƙanwata, babanmu kuma yana hawan bishiya. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban iya magana gaban manya ba, shi ya sa na rubuta.

An ce rubutun jikin kwalinku yana cewa ba a zalunci kowa ba wajen wannan dabino. Ni nake cika kwalin, don haka ga abin da na sani.

Na ɗaya, fasfo ɗinmu duka yana hannun mudir, wato mai kula da gonar. Ba takarda, ko birnin Sabha da ke kusa da mu ba ma iya shiga, a shingen jami'an tsaro na farko za a kama mu. Innarmu na kwance ba lafiya can gida Tanut tun bara. Duk sanda Baba ya roƙi takardunmu, sai a ce sai an gama kaka. Kaka ta wuce, wata ta zo.

Na biyu, mutanenku masu duba aiki suna bugo waya kafin su zo. Ranar akan cire kwaɗon ƙofar da ake kulle mu da shi, a raba wa manya safar hannu, da yamma a karɓe. Mu yara kuma a rufe mu a ɗakin sanyi, bayan kwalaye, har motarsu ta tafi. Ƙanwata tana tari tun zuwansu na ƙarshe.

Na uku, masu duba aikin sun tambayi Baba ya aiki, mudir na tsaye yana fassara. Baba ya ce, aiki da godiya. Suka yi murmushi suka wuce. Ranka ya daɗe, Bahaushe ko yana gadon asibiti haka zai amsa. Gaisuwa ce, ba shaida ba.

Ba na roƙon ku daina saye, domin da dabinon muke ci. Ina roƙon ku sa a ba mu takardunmu mu iske Inna da rai. Ku zo ba sanarwa, da mai jin Hausa wanda ba yaron mudir ba.

In kuma dole sai kun bugo waya, to ku ce a buɗe muku ɗakin sanyi. Ina bayan kwalayen, riƙe da hannun ƙanwata.

Allah ya ƙara arziki, ya kare muku 'ya'yanku daga irin wannan ɗaki.

Wassalam.

Wata mai tsince dabino,
Samnu.