Makullin Agogon Kaka Hindatu

Gure, ran Lahadi

Zuwa ga maigidana Fadilu, wanda bai taɓa kawo mini cefane ba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da marasa lafiyarka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Kakarka ce da hannunta. In ka ga baƙi ya karkace, ka tuhumi malamin karatun manya.

Kai, ina agogona? Da ka zo hutu cewa ka yi fitilar da ke kansa kawai za ka kai a gyara a Damagaram, tunda wayarta ta ƙone ran da wutar kuran ta dawo da fushi. Ga shi wata ya tsaya har ya tsufa, shiru. Agogon nan kakanka Ibrahima ya saye shi wajen kukun wani Bature, ina goye da ubanka. Tagulla ne, ya girme ka, ya fi ka hankali.

Tun rasuwar kakanka, amininsa Malam Garbai ke zuwa da hantsi ya murɗa wa agogon makulli. In ya gama ya sha kunu, mu yi gardama a kan ruwan bana, ya tafi. Yanzu da babu agogo, sai ya yi sallama daga titi ya wuce. Dattijo ba ya shiga gidan da babu maigida haka kawai, ka sani. Kununa har tsami yake yi.

Ban kira ka a waya ba, don matar kawunka tana jin motsin tururuwa ta bayan bango. Ga cuku da dabino wajen Nafi'u direba.

Taka, ko ka ƙi ko ka so,
Hindatu

Damagaram, ran Laraba

Zuwa ga uwargida ran gida,

Ina gaisuwa da ladabi. Cuku ya iso, abokan aiki sun taya ni.

Ki kwantar da hankalinki, fitila ta gyaru. An sa sabuwar waya da ampul mai haske, zare ma sai ki sa a allura. Ga kuma albishir. Mai gyaran ya ce zai kwashe tsofaffin ƙarafan cikin ya sa inji mai pil, wato batir. Daga nan babu murɗawa, babu makulli, shi zai riƙa tafiya da kansa. Kin huta, Malam Garbai ma ya huta da tattaki da ciwon gwiwarsa. Ran Asabar za a yi aikin.

A gaida Kawu da mutan gida.

Naki,
Fadilu

Gure, ran Alhamis

Zuwa ga Fadilu,

Gaisuwa kaɗan yau, don Nafi'u ya tada mota yana ta yi mini oda.

Wa ya ce maka na gaji? Wa ya ce maka Garbai yana neman hutu? Ashe a lakwal an koya maka auna zafin jiki, ba a koya maka karanta wasiƙar tsohuwa ba. Koma ka sake karanta ta farkon, a zaune.

Bari in faɗa maka yadda yake yi. Sai ya cire hula ya ajiye, ya yi bismilla, ya juya bayan agogon kamar mai duba jariri. Ya murɗa a hankali, ya kara kunne, ya ce, "Hindatu, yau yana tari." In ce, "Kai ne mai tari, Malam, sha kununka." Ya kunna fitilar da rana tsaka wai yana gwaji, ya kashe. Murɗawar ba ta kai tafasar shayi ba, amma sai inuwar darbejiya ta bar ƙofa yake tashi. Shi ke nan hirar da ta rage mini da wanda ya san ni tun haƙorana suna cike.

In aka sa masa pil, ka riƙe shi can, ka aure shi. Ruga wajen mutumin nan kafin Asabar. Ko ƙusa ɗaya ya cire, ni da kai sai a gaban alƙali.

Hindatu

Damagaram, ran Asabar

Uwargida,

Na karanta a zaune. Na iske mai gyara har ya buɗe bayansa, na riƙe masa hannu. Ba abin da aka taɓa. Na ma ce kada ya ɗiga wa makullin mai, ya bar shi da taurinsa, yadda hannun mace ba zai iya ba. Yana wajen Nafi'u cikin kwali.

Amma ina da ƙara: a gidana ake wannan shan kunu, ba a nemi izinina ba.

Mijinki da aka ci amana,
Fadilu

Gure, ran Litinin

Zuwa ga Fadilu, Allah ya yi maka albarka,

Agogo ya iso. Nafi'u bai gama sauke kwalin ba sai ga Garbai, da sabuwar hula. Ya murɗa, ya kara kunne, ya daɗe. Ya ce tafiyar mota ta gajiyar da shi, yanzu sai an riƙa murɗa shi safe da la'asar.

Na ce masa ni ban san aikin agogo ba, yadda ya gani.

Kai kuma, maigida, ka fara neman wata.

Kakarka,
Hindatu